Kafin Ka Sayi Fitilar Metal-halide a Sabon Gari

Mai gidan mai zai kafa fitilun metal-halide huɗu iri ɗaya, wato manyan fitilun nan masu farin haske da ake haska fili da su, bayan 'yan watanni sai ya ga ɗaya ta yi kore-kore, wata ta koma ruwan hoda. Ba lallai jabu ba ne, haka cikin ƙwan yake aiki.

A tsakiyar ƙwan akwai ɗan bututu mai ɗauke da iskar argon, zaiba, da gishirin ƙarfe irin su sodiyam da skandiyam. Idan wuta ta kama, zafi ne ke mai da gishirin tururi, kuma yawan tururin ya dogara ne da zafin wurin da ya fi sanyi a bututun, inda ragowar gishirin ke kwanciya. In wurin ya ƙara sanyi, hasken zaiba ya rinjaya, launi ya karkata zuwa shuɗi ko kore. Ƙwan da aka sa a tsaye, iskar cikinsa na hawa tana sauka, sai ƙarafan su taru a ƙasa, kalar sama ta bambanta da ta ƙasa. A kwance kuwa, harshen wutar lanƙwashewa yake sama, ya gasa bangon bututun. Don haka duba kwali: U na kowane zama ne, BU gindi sama, HOR a kwance. Wanda ya saɓa wannan ya rage wa ƙwansa kwana.

Ƙwan iri biyu ne. Mai bututun kwaz, wani gilashi mai jure zafi, ya fi araha, amma sodiyam na zurarewa ta jikinsa a hankali, shi ya sa launinsa ke gushewa da tsufa. Ya isa harabar masallaci ko filin ƙwallo. Mai bututun tangaran, wanda Philips ya fitar a 1994, ya fi jure zafi, kalarsa ta fi tsayawa, kuma yana nuna launin kaya kusan yadda yake. Ga ɗan Kantin Kwari mai sayar da shadda da leshi, wannan ne ya cancanci kuɗinsa.

Cok ɗin ma, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, sai ya dace. In wat ɗinsa bai yi daidai da na ƙwan ba, ko wuta ta zo da rauni, bututun ba zai yi zafin da ake so ba. Sitabilaiza na taimakawa. Kada ka yanke wa sabon ƙwai hukunci sai ya yi kamar awa 100 yana ci, kuma ka sayi duka daga kamfani ɗaya.

Sai batun ɗauke wuta. Ƙwan na ɗaukar 'yan mintuna kafin ya cika haske, in kuma ya mutu da zafinsa, yakan kai minti 10 zuwa 20 kafin ya sake kamawa. Wurin da ake yawan juyawa zuwa janareto, gara LED kawai. In dai metal-halide ɗin za ka sa, nemi gidan fitila mai murfin gilashi, domin tsohon ƙwai yakan fashe.