Telegram don lesin ɗin JAMB, abin da na gani

Masu tambayata wai wanne ya fi tsakanin Telegram da WhatsApp wajen buɗe wa ɗalibai guruf, toh ni dai kemistiri nake koyar da yara masu shirin JAMB kuma duka biyun na yi aiki da su, ga abin da na gani.

In dai ajiye kayan karatu ne Telegram ya yi wa WhatsApp fintinkau. Komai a intanet yake ajiye ba a cikin wayarka ba, yaro ko yau ya shigo zai iya komawa sama ya ga duk abin da aka tura tun farko, in dai admin ya bar tsoffin saƙonni a buɗe. A WhatsApp kuwa kullum sai an samu mai cewa malam dan Allah a sake turo tambayoyin bara wayata ce ta cika na goge. Guruf ɗin Telegram yana ɗaukar mutum har 200,000, na WhatsApp 1,024, amma wannan bai dame ni ba, wane mai lesin ne yake da ɗalibi dubu.

Abin da ya riƙe ni a Telegram shi ne kwiz. Ka rubuta tambaya ka jera A B C D ka nuna masa wacce ce daidai, har ɗan bayani kana iya liƙawa, yaro yana dannawa nan take zai ga ya ci ko ya faɗi, ni kuma ina ganin inda suka fi karkata. Kun san JAMB a kwamfuta ake yinta, tambaya 180 cikin awa 2, yaron da ya saba dannawa da sauri ya rage wa kansa ruɗewa. Akwai daren da na saka musu giram nawa ne mol ɗaya na CaCO3, abin da nake ganin kyauta ce, amsa 100, wallahi da yawansu suka zaɓi 68 saboda sun manta oksijin uku ne a ciki, ɗaya kawai suka lissafa. A aji da na ce kun gane duk kai za su gyaɗa min. Washegari daga nan muka fara.

Sannan ana iya ɓoye lamba. Wannan ba ƙaramin abu bane ga 'yan mata, a WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, sai ƙarfe 12 na dare wani ya bi yarinya da "slm 'yar uwa ya karatu", daga nan baba ya ji labari ya ce a fita daga guruf ɗin gaba ɗaya.

Matsalar kuma, yaran ba sa zama a Telegram. Da yawa a 2024 suka sauke shi lokacin mainin, wato wasannin neman kuɗin kirifto irin su Hamster Kombat, ana ta dangwalar waya dare da rana, da abin bai fashe yadda aka ci buri ba sai suka watsar. Ka tura sanarwa an ɗage lesin, rabinsu sai sun zo sun tarar da ƙofa a kulle. Waɗanda suke buɗewa kuma tashoshin finafinai na nan gefe ɗaya da darasin, ga 'yan damfara masu cewa a turo kuɗi za su ba da amsar jarrabawa ko su ƙara maka maki, ƙarya ce tsagwaronta amma yaron da ya tsorata sai ya tura. Ga data, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗinta a farkon 2025 bidiyo ya zama sai mai hali, balle wanda wayar ma ta yayarsa ce yake ara da daddare in an samu caji.

Kuma gaskiya daidaita ikweshin ba ya koyuwa ta saƙon murya, sai an tsaya gaban allo.

Yanzu sanarwa a WhatsApp nake yi, PDF da kwiz a Telegram, na kuma hana kowa tura link in ba admin ba. Duk wanda ya shigo sai na fara sa shi ya kashe saitin da ke sa bidiyo ya riƙa sauka da kansa, in ba haka ba datar sati a kwana ɗaya za ta tafi kuma ni za a zo a yi wa ƙorafi.