Sharhi: Kwana Shida a Gidan Katako na Haya a Sjusjøen

A farkon watan Janairu, ni da uwargidana da 'ya'yanmu biyu muka kama hayar wani gidan katako na kwana shida a Sjusjøen, irin gidan hutun da mutanen Norwe ke kira hytte, ta hannun wani kamfanin dillancin gidaje da ba zan ambaci sunansa ba. Wurin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 800, tazarar kusan kilomita 20 daga Lillehammer, garin da ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1994, kuma ta nan ne hanyar Birkebeiner, tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara mai tsawon kilomita 54, take ratsawa daga Rena zuwa Lillehammer. Yara ne suka koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara a makarantarsu a Oslo, suka hana mu sakat har muka amince da tafiyar.

Gidan kansa ba ni da abin kushewa a kansa. Ɗakunan kwana biyu ne ƙanana, da falo haɗe da kicin, da banɗaki mai ɗumamammen daɓe, da wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa inda ake shanya takalma da safar hannu, kuma hanyar zamiya da ake gyarawa da mota ba ta fi tafiyar minti biyar daga ƙofa ba. Abin da hotunan talla ba su nuna ba shi ne cewa duk wanda ya karɓi mabuɗin irin wannan gida a tsakiyar sanyi ya karɓi aikin mai gadi da na mai hura wuta da na mai shara a lokaci guda, domin babu ma'aikaci ko ɗaya da zai leƙo, kuma gidan da aka yi wa sakaci na dare ɗaya yana iya jawo asarar da ta ninka kuɗin hayar sau da yawa.

Mai gidan ya bar wani kundi a kan teburin kicin, mai shafuka goma sha biyu, wanda ya bayyana inda babban makullin ruwa yake, da akwatin fis, da na'urar kashe gobara, da yadda ake hura murhu. A gaskiya wannan kundi ya fi mini duk wata hidimar kamfanin amfani, sai dai da harshen Norwe kaɗai aka rubuta shi, alhali kamfanin yana tallata gidan ga baƙi daga ko'ina. Ni da na shekara huɗu a ƙasar sai da na nemi taimakon babbar 'yata a wasu sakin layi, kuma wani shafi da na tsallake saboda gajiya a daren farko shi ne ya kusa jefa mu cikin tsaka mai wuya.

Ga yadda abin ya faru. Yarjejeniyar ta nuna cewa kuɗin lantarki daban za a biya gwargwadon abin da mita ta nuna, kuma duk wanda ya zauna a Norwe ya san yadda farashin wuta yake hawa idan sanyi ya tsananta. Saboda haka a dare na biyu, ganin murhu ya ɗumama falo sosai, na bi duk hitocin bango na kashe, har da wata ƙarama da ke cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wadda ban ga dalilin barinta a kunne ba. Da asuba ma'aunin zafi da ke jikin taga yana nuna digiri 19 ƙasa da sifili, sai na ji uwargida tana cewa, "Maigida, famfon kicin fa ya ƙi kawo ruwa." Na murɗa, ya yi ɗan tari ya ɗiga sau biyu ya tsaya. Bututun yana bin jikin bangon waje ne, kuma wannan ƙaramar hita da na raina ita ce ke hana shi daskarewa, kamar yadda aka rubuta ƙarara a shafin da na tsallake. Ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100, abin da ya isa ya tsaga bututu, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ƙanƙarar ta narke ruwa ya malale cikin katakon bango da na daɓe. Na rufe babban makullin ruwa, na bar famfon a buɗe, na durƙusa da na'urar busar da gashi ina bin bututun daga bakin famfo zuwa ciki na kusan minti arba'in, kafin na buɗe makullin kaɗan na ji ruwa ya fara zuwa. Allah Ya taimake mu bai fashe ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma laifin nawa ne, amma ina ganin takarda ɗaya da aka manna a jikin kabad ɗin da ta wadatar.

Murhun na ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a gidan. Mun tarar da buhu uku na busasshen itace a rumfar baya, wanda ya ishe mu kwana huɗu, muka sayi ƙari a kantin yankin. Yadda suke hura wuta ya saba wa abin da muka taso muka gani: manyan itatuwa ake jerawa a ƙasa, a ɗora ƙirare a sama, a kunna daga sama wutar ta ci zuwa ƙasa, ta haka hayaƙi yake raguwa gilashin ma ba ya yin baƙi. Kundin ya ja kunne sosai cewa kada a toshe mashigar iska muddin akwai sauran garwashi, kuma wannan gargaɗi bai zama baƙo a gare ni ba, domin a gida ma mun sha jin labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi a lokacin hunturu suka rufe ƙofa da taga, aka wayi gari babu su, saboda iskar nan mai guba da ba ta da wari ko launi. Na gwada na'urar gano hayaƙi a ranar da muka isa, tana aiki. Toka kuwa a bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta a ajiye waje nesa da bango, tun da garwashi yana iya kwana biyu ko fiye a cikinta da ransa.

Sharar dusar ƙanƙara ita ce aikin kullum. Ƙofar gidan waje take buɗewa, saboda haka a safiya ta huɗu, bayan an kwana ana zuba iska kuma ta tara ta a bakin ƙofa, sai da na sa kafaɗa na tura da ƙarfi kafin na samu ɗan wurin ratsawa, daga nan na koyi kwana da shebur a cikin gida. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe tara, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe uku, har Azahar da La'asar da Magariba sukan haɗu cikin kimanin sa'o'i uku, don haka duk wani aikin waje, daga ɗebo itace zuwa tone mota da buɗe mashigar iska ta banɗaki, dole a gama shi kafin yara su ja mutum zuwa filin zamiya. Ban hau rufi ba, domin mai gidan ya hana, ya ce yana da wanda yake yi masa wannan aikin idan nauyin ya yi yawa.

Inda kamfanin ya ba ni haushi shi ne batun share hanya. Tallan ya ce ana iya zuwa da mota har ƙofar gida a lokacin sanyi, amma bai bayyana cewa tarakta babbar hanya kawai take sharewa ba tare da an nema ba, ɗan guntun da ya shiga harabar gidan kuwa sai an aika saƙo tun jajibiri. A wannan safiya ta huɗu motarmu ta maƙale a harabar, na kira lambar kamfanin sau uku babu amsa, na aika wasiƙa ta imel ba su dawo mini ba sai washegari da yamma. Wani dattijo maƙwabci ne ya hango ni ina fama da shebur, ya tako ya nuna mini yadda ake yin odar, kuma duk da ba tun jajibiri na aika ba, bayan sa'a biyu tarakta ta iso. Da a ce wani ne ya kamu da rashin lafiya a cikinmu a daren, ban san yadda za mu fitar da shi ba.

Ranar tafiya ta ci mana kusan sa'a uku. Mun kwashe toka, mun cika kwandon itace don wanda zai zo bayanmu ya tarar da na hurawa, mun fitar da duk wani abinci saboda ɓeraye, mun kai shara babban mazubin da ke bakin hanya, mun saita hitoci a digiri 10 kamar yadda kundin ya umarta, sannan na rufe babban makullin ruwa na buɗe famfuna suka tsiyaye, na ɗauki hoton mita. Kuɗin wutar da aka turo mana bayan mako guda ya yi daidai da abin da na lissafa, ba a ƙara mana ko sisi ba. Zan sake kama wannan gida idan Allah Ya kai mu baɗi, amma na rubuta wa kamfanin cewa su fassara kundin nan, su kuma sanya bayanin share hanya a cikin saƙon da suke aikowa da lambar akwatin mabuɗi. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu ba su ba ni amsa ba.