Sharhi kan gyaran tsohon babur Honda CG125 a wani gareji a Kano

Ba kowane bakanike ne ke iya tayar da babur ɗin da ya daɗe a ajiye ba, domin yawancin masu gyara a yau sun fi sabawa da cire kaya su sa sabo. Nawa Honda CG125 ne ƙirar Japan, irin wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1975, kuma ya shafe shekaru a jingine a zaure har tayoyinsa suka tsattsage, man da ya rage a tanki ya kafe ya zama kamar ƙaro. Wani dattijon bakanike a cikin birnin Kano na kai wa, bisa shawarar masu hawa tsofaffin babura.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yarda kowa ya taka kik ba. Ya kwance fulogi, ya ɗiga baƙin mai a cikin silinda, ya bar shi ya jiƙa, sannan ya juya injin da hannu a hankali. Dalilinsa kuwa shi ne, idan tsatsa ta riƙe ringin fistin aka taka da ƙarfi, ringin zai karye ya karce silinda, ƙaramin aiki ya koma babba. Kafireta ma bai jefar da ita ba, duk da cewa sabuwa 'yar China tana nan da araha; ya wargaza ta gaba ɗaya, ya jiƙa ta, ya buɗe ƙananan ramukan da mai ke bi ɗaya bayan ɗaya. Tankin kuma ya zuba masa kananzir da tsofaffin notuna, yaransa suka yi ta girgizawa har tsatsar ta saki.

Inda na tabbatar ya san wannan injin shi ne lokacin da ya buɗe murfin gefen dama. A nan akwai wata matatar baƙin mai da ke juyawa tare da injin tana tara datti, wadda masu gyara da yawa ba sa waiwayarta, kuma abin da ya kankaro daga cikinta baƙi ne ƙirin, ya yi tauri. Honda ta ƙera CG125 ne musamman don ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan kari ba, shi ya sa ta yi amfani da sanduna masu tura bawul maimakon sarƙa a kan injin, kuma wannan sauƙin ƙira ne ya sa kamfanonin China suka yi ta kwaikwayonsa. Saboda haka kayan gyara ba su yi wuya ba, daga kasuwar Nnewi da ke Jihar Anambra ake ta kawo su, sai dai ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Dattijon ya amince da su a gaskit, sarƙa, wayar birki da tayoyi, amma ya ƙi su a duk abin da ya shafi cikin injin.

Akwai inda ban gamsu ba. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda muka yi alkawari, kuma kuɗin ya yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan, tun da ba a rubuta komai ba daga farko. Fentin, wanda ya bayar wani ya yi, ya fi komai rauni: jan ya yi haske da yawa, kuma tambarin da aka manna a tanki kowa ya gani ya san jabu ne. Wutar babur ɗin mai ƙarfin bolt 6 ce, ya bar ta yadda take, don haka fitilar gaba ba ta da ƙarfin da mutum zai saki jiki da ita a tafiyar dare.

Injin dai yana tashi da taku ɗaya ko biyu ko da sanyin safiya, ba ya hayaƙi, giya tana shiga lafiya, kuma ba na ganin ɗigon mai a inda ya kwana. Wanda ke da irin wannan babur zai iya miƙa wa dattijon aikin injin hankali kwance, amma ya sa a rubuta masa jerin kaya da kuɗinsu kafin a kwance noti ko ɗaya, fenti kuma ya nemi nasa mai yi da kansa.