Makarantar Yamma ta YABC a New York: Abin da Na Gani a Kan Ɗan Ƙanwata

Ɗan ƙanwata ya daina zuwa sakandare yana ɗan shekara 17, ba don karatun ya gagare shi ba, sai don kuɗin haya a Bronx, wani yanki na birnin New York, ya fi ƙarfin mahaifiyarsa, shi kuma ya ga sa'o'insa suna samun na kashewa da kai wa mutane abinci a kan keke. Mun shafe kusan shekara muna rufa maganar, ko a masallaci aka tambaye mu sai mu ce yana nan yana fama da karatu. Wannan kunya ita ce ta fi cutar da shi, domin dokar jihar New York ta ba matashi damar karatu kyauta a makarantar gwamnati har ya kai shekara 21, kuma duk watan da muka yi shiru daga cikin wa'adinsa yake fita.

Shirin da ya karɓe shi ana kiransa YABC, wato azuzuwan yamma da Ma'aikatar Ilimi ta birnin take gudanarwa a cikin gine-ginen sakandare bayan ɗaliban safe sun tashi. Ana ɗaukar mai shekara 17 da rabi zuwa 21, wanda ya riga ya yi shekara huɗu a sakandare, ya kuma tara aƙalla kiredit 17 (makin da ake samu idan an ci darasi) daga cikin 44 da ake buƙata kafin a kammala. Ranar da muka je, mai ba da shawara ta shimfiɗa takardar sakamakonsa a kan tebur, ta bi ta layi-layi da biro, tana ware darussan da ya ci da waɗanda suka rage, har da jarrabawar Regents, wato jarrabawar jiha ta kammala sakandare, da bai zauna ba. Yaron da ya shigo kansa a sunkuye, jakar kai abinci rataye a bayansa, sai ga shi ya matso da kujera yana ƙirgawa da yatsa, ya ɗago ya ce mini, "Kawu, ashe saura kaɗan." Ba wanda ya tsare shi da tambayar inda ya shige duk tsawon lokacin nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a mayar da shi baya ba: darussan da suka rage kawai yake yi, kuma shaidar kammalawa da ake bayarwa daga makarantarsa ta asali take fitowa, daidai da ta abokansa da suka gama a kan lokaci. Akwai kuma tsarin Learning to Work, wanda aka fara a 2005 zamanin magajin gari Michael Bloomberg, inda ƙungiyoyin unguwa suke samar wa ɗalibai wurin koyon aiki da ɗan albashi, tare da mutum guda da ke bibiyar kowane ɗalibi. Idan ɗan ƙanwata ya yi fashin zuwa aji, kafin dare wayar mahaifiyarsa ta yi ƙara, kuma a ganina wannan bibiya ce ta riƙe shi a watannin hunturu, lokacin da zama a aji har dare bayan yinin aiki yake neman karya masa gwiwa.

Shirin yana da iyakarsa. Sharaɗin kiredit 17 yana barin yaranmu da yawa a waje, musamman waɗanda suka zo daga Nijar ko Gana da girmansu. Irin waɗannan sai su nemi shirin Pathways to Graduation, wanda ke shirya su jarrabawar GED, mai ba da shaida daidai da ta kammala sakandare. Haka nan takardun ma'aikatar ana fassara su zuwa Faransanci da Larabci da wasu harsuna, amma babu Hausa, don haka uwar da ba ta jin Turanci sosai gara ta nemi tafinta ta waya tun daga farko, ko ta tafi da wani ɗan uwa.

Duk wanda zai je, ya tafi da takardar sakamakon yaron da shaidar haihuwarsa, ya kuma fara da mai ba da shawara na makarantar da yaron ya bari. Namu yanzu darasi biyu suka rage masa da jarrabawar lissafi.