Bikin Argungu ko gidan tarihin Kanta, wanne ya fi amfanar jama'a?

Mutane sun yi ta tambayata, wai idan gwamnatin Kebbi za ta zuba kuɗi a al'adu, biki ya fi ko gidan tarihi?

Bikin kamun kifi dai tun 1934 aka faro shi don ƙulla zumunci tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta sa shi a jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016. Ranar da dubban masunta suka faɗa kogin Matan Fada da homa da gora, ga makaɗa a kwalekwale, wallahi ko mai damuwa sai ya washe, mai suya da ɗan acaba da mai otal kowa ya samu. Amma yana cin kuɗi sosai, kwana kaɗan ne a shekara, kuma in tsaro ya taɓarɓare shikenan, kusan shekara 10 aka yi babu shi kafin 2020.

Gidan tarihin Kanta kuwa, mai ɗauke da sunan sarkin da ya kafa masarautar Kabi, tsohuwar fada ce a Argungu, kashewarsa kaɗan, yana nan kullum, sai dai ba ya tara jama'a haka.

Mai son kasuwa ta motsa, mutane su haɗu su sake, bikin ne nasa. Malami ko uban da ke son yaro ya san daga ina ya fito, ya kai shi Kanta.