Sun sa Inna kuka, sannan suka ɓata ƙarshen

Ƙanwata ce ta dame ni da zancen wani fim, wai na barkwanci ne, har na ba ta wayata ta kai wa mai tura finafinai na bakin layinmu a Gwammaja. Bayan Isha'i babu wuta, muka baje tabarma a tsakar gida, ni da ita da Inna, muka jingina wayar da tulu.

Da farko mun sha dariya. Yaron da ke fim ɗin ɗan marini ne a Ƙofar Mata, ya rantse ba zai tsufa da shuɗin hannu ba. Mai duba ya buga masa ƙasa ya ce arzikinsa yana bakin babban ruwa, shi kuwa ya tafi dam ɗin Tiga ya kwana biyu sauro na cinsa, kafin ya gane Legas ake nufi.

Amma wurin tashar nan ne ya gama da mu. Da asuba uban ya rako shi, bai yi faɗa ba, bai yi wa'azi ba. Mayafi ɗaya da ya rina da kansa ya miƙa masa, ya ce, "In ka ga babu daɗi, gida na nan." Aka tsayar da kyamara a kan hannayen tsohon, shuɗin baba ya ci su har farce, babu kiɗa ko kaɗan. Sai na ji Inna ta ja hanci, ta tashi ta shige ɗaki. Haka Yaya ya tafi a 2013 da aka hana acaɓa a Kano. Babanmu ne ya kai shi mota, kusan maganar nan ya faɗa masa, kuma Allah bai yi zai ga dawowarsa ba. Duk wanda ya rubuta wurin nan ya san ciwon, Allah ya saka masa. A lokacin na ce ban ga fim irinsa ba bana.

To me ya kawo rawa da waƙa bayan wannan? Hawaye bai bushe ba sai ga yaron da budurwa a lambu suna canja kaya kala biyar. Na daure. Abin da na kasa daurewa shi ne ƙarshen: ya tsinci jakar wani Alhaji ya mayar, aka ba shi gida da mota da 'ya. Wai ƙaddara ke nan! Haba jama'a. Yaya shekara tara ya yi a Agege, ya dawo da ciwon ƙafa da keken ɗinki guda, yana ciyar da iyalinsa da shi, wannan ba rabo ba ne? Marinar da ake cewa tun 1498 take, da tsohon da ya riƙe fim ɗin, an manta da su sai a minti biyun ƙarshe, nan ma don ya shiga mota ya yi murmushi. Raina ya ɓaci sosai.

Na so in goge shi a daren. Da safe Inna ta ce, "Ɗan nan, mayar min wurin tashar." Sau biyu ta kalla, tana riƙe da wayar da hannu bibbiyu, don haka yana nan.