Rediyo mai memori a ajin tattalin arziki

A kasuwar Sabon Gari da ke Kano na sayi wannan ƙaramar rediyo, irin wadda masu shayi da teloli suke ratayewa a wuraren sana'arsu, wadda ake yi wa caji da lantarki ko da hasken rana, kuma tana da wurin sa memori. Zango guda ke nan ina shiga da ita ajin da nake koyar da tattalin arziki a babbar sakandare.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da wuya a sami gidan da ba a kukan tsadar kayan masarufi, amma da zarar na rubuta "hauhawar farashi" a allo sai ɗalibai su yi tsit kamar batun bai shafe su ba. Sai na naɗi rahoton wata tashar FM a kan farashin hatsi a kasuwar Dawanau, na zuba shi a memori, na kunna musu. Rahoton na ƙarewa, wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu, ta bayyana yadda tsadar kwanon wake da ta mai ta sa mahaifiyarta ta rage girman ƙosai maimakon ta ƙara masa kuɗi, domin kada masu saye su gudu. A kan wannan ƙosai muka gina sauran darasin.

Muryar rediyon tana kaiwa har bencin ƙarshe ba tare da ƙara ba, kuma caji ɗaya yana isa na kwana biyu. Sai dai farantin hasken ranar kusan ado ne kawai, domin ko ta wuni a tsakar gida abin da take samu bai taka kara ya karya ba. Babbar matsalarta ita ce rashin allon da ke nuna abin da ke cikin memori, don haka sai an yi ta danne-danne kafin a kai ga rahoton da ake so, alhali darasin minti 40 ne.

Ba ta kuma naɗar shiri da kanta. Shirin safe na BBC Hausa yana zuwa ne da ƙarfe 6:30, kafin a buɗe makaranta, saboda haka dole malami ya naɗa da wayarsa. Yanzu rahoto ɗaya tak nake barin wa memorin a kowace rana.